Labulen Yaya Usmanu

Ranar Juma'a ce. Ƙarfe bakwai na safe ni da yayana Usmanu muka ɗaure labulenmu tsakanin bishiyoyin mangwaro biyu, a wurin shaƙatawar da ke gindin Jabal Marra, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Ni ne mai ɗaukar hoto. Shi ya zana labulen: wani dutse mai aman wuta da ya gani a kalanda, kansa fari fat da dusar ƙanƙara. Namu dutsen ma an ce ya taɓa aman wuta, amma ba shi da farar hula, sai baƙi su juya masa baya su tsaya gaban na Yaya. Nakan tsokane shi cewa bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a kofin lemo. Dariya kawai yake yi.

Ƙarfe goma wurin ya cika. Iyalai sun shimfiɗa tabarmi, masu shayi sun hura wuta.

Goma da rabi muka ji babura. Bayansu motoci biyu. Sai harbi daga bakin ƙofa.

Tun makon da ya gabata na ji cewa duk wanda 'yan bindiga suka kama da kyamara, ɗan leƙen asiri suke ɗaukarsa. Yaya bai ji ba. Na cire kyamarar daga wuyana na rataya masa, na ce ya riƙe mini in kwance labule. Ba ruɗewa ba ce. Na san abin da nake yi.

Na tsinke igiya, labulen ya faɗo, na shige ƙarƙashinsa.

"Kowa ya kwanta!"

"Ina mai hoto?"

Ta gefen labulen ina hango ƙafafun Yaya. Taku biyar ke tsakaninmu, kuma ya ga shigata. Nuni ɗaya da yatsa ya ishe shi.

"Kai, tashi! Shiga mota!"

Ya tashi. Takalminsa ɗaya ya zame, bai tsaya ɗauka ba. Ko sau ɗaya bai waiwayo wajen mangwaron ba.

Sha ɗaya da kwata motocin suka tafi. Ƙarar ruwa ta dawo kunnena. Ban iya fitowa ba sai azahar. Na naɗe labulen na ɗauka, don kunyar barinsa ta fi ƙarfina.

La'asar na isa gida, rabin unguwa na ci da wuta. Na sami matarsa Hawwa da 'ya'yansu mata biyu a cikin kwari. Muka hau dutse. Kwana uku muna tafiya, sanyi yana shiga ƙashi, da labulen muke rufe yaran. Rana ta huɗu muka sami babbar mota. Bayan wata biyu muka ƙetara iyakar Masar.

Yanzu a Giza muke, ɗaki ɗaya. Labulen ne ya raba shi biyu, su can, ni nan. Da safe ina wankin motoci a unguwar Dokki, da yamma in dawo in zauna gaban dutsen da ke jikin labulen. Hawwa takan gaya wa maƙwabta cewa ƙanin mijinta ya sai da ransa don ya ceto aikin hannun yayansa. Duk ranar da ta faɗi haka, ba na taɓa abinci.

Ran nan ƙaramar yarinyar ta miƙo mini wayar uwarta, ta tsaya gaban labulen ta ce, "Baffa, ɗauke ni a ƙanƙarar Abba." Na ce hannuna ciwo yake. Hawwa ta ce ma'alish, wato sannu, ta karɓi wayar ta ɗauke ta da kanta.

Mu biyar ne a gida, huɗu muka iso. Wata mai shayi da muka haɗu da ita a hanya ta gaya wa Hawwa cewa da kyamara a wuyansa aka tafi da shi. Shekara biyu ke nan, ba ta tambaye ni yadda ta koma wuyansa ba.