Kaskon Baffa Lawal

Duk wanda ya zauna Ƙofar Galadima ya san Baffa Lawal, ƙanin mahaifina, da kaskonsa. Kowace Asabar da hantsi zai rungume shi ya nufi gidan burodin Malam Iro. A ciki madara ce, da sukari, da kirfa, da 'yar shinkafa. Sunan abin tergul. A Nomandi ta ƙasar Faransa ya koyo shi, wajen tsohuwar da ta sauke shi lokacin da ya je kwas ɗin malaman Faransanci. Ya ce su ma mutanen can, kakanninsu a tanderun mai burodi suke gasawa, bayan an kwashe burodi.

Awa shida cur yake yi a tanderu! Ranar farko Malam Iro ya leƙa, ya saki salati.

"Malam, abin nan ya ƙone!"

"Bai ma fara ba. Rufe."

Da aka kawo gida, matarsa Inna Hajara ta ga baƙin ɓawo a sama, ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Ƙanzo a sama? Mu a gindin tukunya muka san shi."

"Ke ai ko Kaduna sau biyu kika je, Hajara."

Ta taɓa kankare ɓawon don ta rufa masa asiri a gaban baƙi. Kwana uku da Faransanci yake amsa gaisuwarta.

Ni ya zaɓa magajiya.

"Binta, bayan raina ke za ki riƙe kaskon nan. Kin ci?"

"Na ci, Baffa. Da daɗi."

Ƙarya nake. Shekara ashirin ban kai cokali baki ba, akuyar Inna ke cinyewa a bayan ɗaki. Wata rana ya tsaya kusa da ita ya shinshina.

"Ikon Allah! Wace irin dusa kuke ba ta, take ƙamshin kirfa?"

Wata Asabar ya kai kasko ƙarfe goma, ya dawo ya kishingiɗa, shi ke nan. Bayan azahar aka kai shi makwanci. Ana idar da la'asar sai ga Malam Iro a zaure, rungume da kasko. Ashe daga maƙabarta tanderu ya koma, ya jira awa shidan ta cika.

"Wallahi tsoron cirewa na ji," in ji shi. "Kullum in ya kawo sai ya ce: wata rana Binta za ta ɗanɗana, akuya ba ta dawwama."

Ashe Baffa ya sani! Na fasa ɓawon, na ɗiba. Jama'a! Shinkafar ta narke, madarar ta yi kauri, ta yi ja kamar an kwaɓa da zuma. Ina ci ina hawaye.

Kaskon yana wajena, kuma Asabar ba ta wuce ni ban kai shi tanderu ba. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe mini ƙaryata, Ya shayar da shi daga ƙoramun madarar Aljanna.