Malama Herminia da Fitar Laraba

Shekara talatin Malama Herminia ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya a Tlacolula, kuma kowace Laraba takan zaga da su cikin gari, wajen masu saƙa ko masu niƙan masara. Da ciwon gwiwa ya kama ta, shugaban makarantar ya ce ta haƙura ta zauna da su a aji.

"Malam, ai garin ne ajinsu," in ji ta. "Nan makaranta allo kawai muke ajiyewa."

Ta nemo sanda. Larabar nan ta dogara har gidan burodin Don Evaristo, yaran suna rage sauri dominta. A can kowannensu ya murza ƙullu ya yi harafin farkon sunansa, aka gasa, suka cinye da zafinsa.