Ba a Rera Waƙar Mai Rai

A Wallsend, bakin kogin Tyne, babu wanda ya girma a zamaninmu bai san muryar Wilf Heslop ba. Duk mako yana walda a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, ranar Asabar kuwa sai ya zura kwat ɗinsa ɗaya tilo, ya tsaya gefen fiyano, babban akwatin kiɗan nan, a mashayar Dodds, ya sa ƙarti share hawaye da bayan hannu. Mashayar tana da al'adarta: kowa da waƙarsa, kuma ba a rera waƙar mutum yana raye. Ko baƙo ne ya kuskura ya ɗauko ta wani, mai fiyano zai rufe murfi, a yi tsit har kunya ta zaunar da shi. Wilf da kansa ya tsara tasa, a kan jirgin da suka sha wahalar ƙerawa ya tafi ya bar su da kogi fayau. A waƙar, kamar mace yake yi wa jirgin magana. Da yaren unguwa zalla yake rera ta, wanda 'yan Landan ke cewa ko rabinsa ba sa ganewa.

Norma, 'yarsa ta fari, a bakin ƙofar mashayar ta haddace waƙar, in uwarta ta aiko ta kiransa cin abinci. Da ta gama makaranta ta samu aiki a ofishin tarho, ranar farko shugabar ta ce mata da wannan bakin ba za ta amsa wa kowa waya ba. Norma ta kankare harshenta kamar mai kankare ƙanzo. Ta yi aure a kudancin ƙasar, ta haifi 'ya'ya masu magana irin ta masu karanta labarai. In ta zo gida da Kirsimeti, Wilf yakan tsokane ta: "Ranki ya daɗe, a kawo miki shayi a kofin baƙi?" Su yi dariya, amma abin yana sukarsu su biyun. Ni dai ban ga laifinta ba. Masu cewa a riƙe yaren gida, yawancinsu ba su taɓa zuwa neman aiki da shi ba.

Ma'aikatar ta rufe, mashayar ta koma shagon katifu. Tsufa ya zo wa Wilf da mantuwa, aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Norma, da mijinta ya rasu, ta tattara ya-nata-ya-nata ta dawo don ta zauna kusa da Wilf. Sai ta tarar uban bai gane ta ba. Da ta buɗe baki sai ya gyara zama, ya ɗauka ma'aikaciyar hukuma ce.

"Baba, ni ce fa, Norma."

"Madalla, ranki ya daɗe. Ni ma ina da Norma. Ba ta zuwa dai, aiki ya yi mata yawa."

Ta kawo hotuna, ta dafa masa faten wake irin na uwarta, ya ci ya yi mata godiyar baƙo. Ta gwada komawa yaren, ya ƙi zama a bakinta, sai ka ce kwaikwayon mutane take yi. Likita kuma ya ce zuciyarsa ta gaji, da wuya ya ga bazara. Norma ba ta roƙon komai sai ya kira sunanta sau ɗaya yana sane da wadda yake kira.

Wata Lahadi da rana tana yanke masa farce, baƙin ciki ya cika ta, ba ta san lokacin da waƙar ta kuɓuce mata ba. Da yaren ta fito, don ba ta taɓa jin ta da wani ba.

"Mun ƙera ki da sanyi a hannu,
kin tafi ko waiwaye babu."

Tana cikin baiti na biyu ya fizge hannunsa.

"Ke, Normarmu! Ba ki da kunya? Mutuwa na yi?"

Almakashin ya faɗi ƙasa. "Yi haƙuri, Baba."

"Haƙurin me? Ga sata, ga ɓarna! Kin ja baitin nan kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. A gidan uban wa kika koya?"

"A gidanka mana, tsoho mai rigima!" Maganar ta fito da yaren unguwa tsaf, hawaye na bin kumatunta.

"To rufe baki ki ji yadda ake yi."

Ya dafa hannun kujera kamar gefen fiyano, ya rera da dusasshiyar murya har ƙarshe, bai tsallake ko kalma ba. Sannan ya kama yatsunta. "Ki bari sai na tafi, 'yar nan. Daga nan taki ce."

Washegari ya koma ce mata ranki ya daɗe, bai ƙara gane ta ba har ya rasu kafin bazara. Bayan an dawo daga maƙabarta ana zaune ana shan shayi, tsofaffin abokansa da suka rage suka ajiye kofuna suna kallonta. Norma ta miƙe ta ɗauko waƙar. Da ta zo baiti na biyu ba ta ja shi ba.