Na'urar Wasa a Cikin Kwalla

Sana'ar da ta fara tsayar da ni da ƙafafuna ba ta da wani girma. Ƙaramin shago ne a Sabon Gari na Maraɗi, da bencina, da tele, wato talabijin, da na'urar wasa guda, irin wadda ake sa wa faifai a buga ƙwallo ko dambe a cikin tele. Kafin nan man fetur nake sayarwa a kwalabe bakin hanya. Da na gaji da rana da warin mai, sai na sayar da babur ɗina da jarkoki, na tsallaka iyaka na sayo na'urar a hannun wani mai kayan gwanjo. Lokacin darajar kuɗinmu na sefa ta riga ta faɗi, duk abin da ya fito daga waje ya yi tsada. Na sani sarai in wannan ta mutu ba ni da halin wata, kwalabe zan koma.

Shekarun nan ne na jam'iyyu da zaɓe da yajin aiki. Yau a ce an rufe lakwal, wato makarantun boko, gobe a ce ma'aikata sun yi watanni ba albashi, jibi a tashi a ji muryar soja a rediyo. Ƙasa ba ta ji daɗi ba, amma ni dai ba zan ɓoye ba, kasuwata ta buɗe. 'Yan lise, ɗaliban sakandare, da ba su da karatu, da 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, da ke jiran rana ta yi sanyi, har da wani mushe, malamin makaranta, da ke cewa ya zo korar ɗalibansa ne, sai a gan shi da manet a hannu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. Duk a shagona suke yini.

Damuwata ɗaya ce, zafi. Wanda ya sayar mini ya gaya mini tun a can cewa wannan abu ba faɗuwa ke kashe shi ba, zafi ne. Kuma kowa ya san bazarar Maraɗi. Shagon rufin kwano ne, da rana ko benci ka taɓa sai ka janye hannu. Saboda haka na yi mata tsari. Na ɗora ta kan tubala don iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinta, na matsar da ita daga bango, na sa ƙaramar fanka tana hura ta ita kaɗai, mu mutane muna zufa. A taga na rataya jiƙaƙƙen buhu, kamar yadda na ga masu kayan lambu na Jiratawa suna yi wa salat da tumatir. Da azahar kuma in kashe ta, ko da wa ke kan wasa. An zage ni a kan haka ba kaɗan ba, wasu na cewa na fi jin tausayin roba da ɗan adam. Ban taɓa musa musu ba.

A haka muka ci rabin bazara lafiya, sai aka sa ranar auren ƙanen matata a Tibiri.

Wata safiya matata ta kawo mini koko ta tsaya, ba ta tafi ba. Ta ce Babansu ya ce abokan ango za su yi kwanaki a gida, ana so a samu abin da zai zaunar da su wuri ɗaya, kuma an ji labarin abin da ke shagona. Ta juya ta tafi. A wurinmu in biki ya tashi, mai tabarma ya ba da tabarma, mai babbar tukunya ya ba da tukunya. Ni Allah ya sa na'ura gare ni. Kuma saƙon da ya fito daga bakin suruki ba a mayar masa da amsa, sai dai a kai abin.

Na kira angon, wanda abokin wasana ne, na zaunar da shi na yi masa karatu. A sa ta a inuwa, a ɗaga ta daga ƙasa, kada a rufe ta da komai, a bar ta ta huta da rana. Yana ta cewa to, to, hankalinsa na wurin tela da ɗinkinsa. Ya ɗaure ta a bayan babur ya tafi, ina tsaye ina kallo har ya sha kwana.

Washegari na tafi ɗaurin aure. Bayan an shafa fatiha an watse, na zagaya filin gefen gida inda aka kafa wa samari rumfa. Sun aro tele wurin wani maƙwabci mai koyarwa a makarantar mishan, sun samo gurup, injin wuta, yana ta ƙara can gefe. Telen na kan tebur jikin bango, samari sun yi cincirindo suna buga ƙwallo. Na duba kan teburin, na duba ƙarƙashinsa, ban ga na'urata ba. Sai na bi wayoyin da ido, na ga duk sun hau bango sun shige ta wata taga. Na san tagar. Ɗakin surukata ne, uwar matata, wadda duk gidan ke kira Inna.

Wani abokin ango ya matso yana murna ya ce in kwantar da hankalina, kayana na wuri mai kyau. Da ango ya iso jiya, Inna ta tambayi abin da ya fi komai tsada a kayan aro, aka nuna mata, ta ce to wannan amanar surukinta ce, ba za ta kwana a hannun samari ba. Ta naɗe ta da sabon zane, ta saka ta cikin babbar kwallarta, wadda take ajiye kayanta na daraja, ta mayar da murfi, wayoyi kaɗai ke leƙowa. Ta kulle ɗakin ta ɗaure makulli a bakin zanenta. Ko faifai sun roƙa a canza musu, ta ce babu mai taɓawa. Shi ya sa tun jiya ƙwallo kawai suke bugawa.

Yana cikin ba ni labari na ga hoton ya tsaya cak, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa ya daskare, murya tana maimaita abu ɗaya. Can ya saki ya ci gaba. Samari suka ce gurup ne. Ni na san ba gurup ba ne.

Wanda bai san surukuta ba zai ce me ya hana ni shiga in ɗauko kayana. Ni tun da na yi aure ban taɓa taka ɗakin nan ba. In zan gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina ƙasa, ita ma ta juya fuska ta amsa. Ko abinci ban taɓa ci tana gani ba. Balle in ce mata, cikin taron biki, adanar da ta yi don girmama ni ita ce ke kashe mini sana'a. Matata ma ba ta da baki, domin ita ce 'yar fari, Inna ko sunanta ba ta faɗi, magana tsakaninsu sai ta hanyar wani. Ango kuwa an ɓoye shi gidan abokinsa. Na iya sa a kashe gurup, amma ina juya baya za a tayar, kuma bikin da saura kwanaki. Abin da nake bukata shi ne na'urar ta fito daga kwalla, kuma Inna kada ta san dalili.

Ina tsaye jikin bishiyar dogon yaro ina wannan tunani, sai na ji murya daga baya.

“Angona, ka zo biki ka ɗaure fuska. Ko haushi kake ji an yi wa wani amarya, kai an bar ka da tsohuwa?”

Kakar matata ce, wadda ta haifi Inna, zaune kan tabarma da maficinta. Ita kaɗai ce a gidan nan nake iya kallo ido cikin ido, domin tsakanin kaka da mijin jika sai wasa.

Na ce, “Wa zai nemi wata yana da ke? Haƙora ne dai suka yi ƙaranci.”

“Waɗanda suka rage sun isa cin goron da ba ka kawo ba. Marowaci.”

Na zauna na ciro goro daga aljihu na ba ta. Ta fasa, ta duba cikinsa, ta ce na jiya ne, ta jefa a baki. Sannan na rage murya na faɗa mata komai. Ta tambaye ni ko abin rai gare shi. Na ce ba shi da rai, amma yana shan iska, in an toshe shi yana mutuwa, kuma in ya mutu jikarta za ta koma wanke riguna masu warin fetur. Ta daina tauna ta dube ni.

“Kai ba ka iya faɗa mata, matarka ba ta iya faɗa mata. To ni na haife ta, kuma ita ce auta.”

Na roƙe ta don Allah kada ta bari Inna ta ji kamar ta yi kuskure.

“Ka ɗauka yau na fara zama da mutane? Miƙo mini sandata.”

Abin da ya faru a ciki daga baya matata ta ba ni labari. Kaka ta shiga tsakiyar mata ta ce ita ta tsufa, ba ta san ko za ta ga wani biki ba, kuma tun jiya samari sun hana ta barcin rana da ihu, don haka sai ta ga gidan da waɗannan 'yan mutanen na cikin tele suke kwana. Inna ta ce amana ce. Kaka ta ce kayan angonta ne, in akwai mai riƙon amanarsa a gidan nan ai ita ce, a buɗe ɗaki. Mata suka yi ta dariya. Inna ta kwance makulli.

Daidai lokacin aka kira la'asar, aka kashe gurup. Wata mata ta fito da kwallar a ka ta sauke gaban tabarmar Kaka. Da na ɗaga murfin sai wani huci ya bugi fuskata, da warin roba mai zafi. Na warware zanen. Na'urar ba ta taɓuwa sai da gefen riga. Kaka ta sa bayan hannunta a kai kamar yadda ake yi wa goshin yaro, ta ce zazzaɓi ne, a miƙo mata buta. Na riƙe butar da hannu biyu na ce wannan mara lafiyar ba ya son ruwa, iska kawai. Ta ce duk dangina haka suke, ba sa son wanka. Ta ɗauki mafici ta shiga yi mata fifita.

Na samo tubala na ɗora ta a inuwar bishiyar, na sa aka matso da teburin tele kusa. Na yi niyyar in roƙi ɗaya daga cikin samarin ya kula da ita, Kaka ta ce ba ta ba kowa ba, tunda ta karɓa a gaban mutane ita za ta tsare. Haka kuwa aka yi. Sauran kwanakin bikin nan tana zaune gefenta, duk wanda ya miƙo hannu ta make shi da mafici. Jifa-jifa ta sa bayan hannu ta ji, in ta ji zafi ta ce a tashi, a tashi kuwa, ko ana tsakiyar wasa. Samarin da ke zagina a Sabon Gari in na kashe da azahar, irinsu ne a nan suke cewa to Kaka, su miƙe. Da yamma a mayar da ita kwalla ta kwana a ɗakin Inna, a kashe, wanda wannan bai dame ni ba.

Da biki ya watse aka maido mini ita, har da ƙullin alkaki da nakiya daga Inna. Na goge ta, na ɗora kan tubalanta, na kunna fanka, na sa faifai. Ya juya, ya yi ƙas-ƙas, ya tsaya. Na cire na goge shi da gefen riga na mayar. Haka dai. Na gwada wani faifan, na gwada na dambe, tele ba ta nuna komai sai allon farko. Na zauna kan benci ina kallonta. A raina har na fara tunanin wanda zai ba ni aron jarka.

Na tashi na ɗaga ta, tana kunne, in leƙa ƙasanta ko wani abu ya narke. Ina kifa ta sai na ji faifan ya ɗauka, kiɗan ƙwallo ya cika shago. Na mayar da ita daidai, ta tsaya. Na sake kifawa, ta tashi. Wani mai gyaran rediyo ya ce mini daga baya zafi ne ya ɗan lanƙwasa abin da idon karanta faifan ke gudu a kai, in an kifa ta sai ya koma mazauninsa. Ban damu da dalili ba. Na gyara tubalan na ɗora ta a kife, ƙafafunta sama.

Inna ta aiko a tambaya ko kaya sun iso lafiya. Na ce a gaya mata lafiya lau, an gode da riƙo. A kife na'urar nan ta yi mini aiki har na sayi ta biyu, na ƙara benci, na fara ajiye rediyo da tele na sayarwa a gefe. Masu wasa sukan tambaye ni dalilin kifa ta, in ce ta fi shan iska haka. Ba a daɗe ba wani da ya buɗe irin shagona a layin baya ya aiko a leƙa masa yadda nake yi, shi ma ya kifa tasa, lafiyarta ƙalau.