Rigunan Orkes ɗin Ɗanlami Tela

Kowa a Madarumfa ya san Ɗanlami da keken ɗinkinsa, amma kaɗan suka san ya taɓa kafa ƙungiyar mawaƙa. Zamanin disko ne, yana saurayi, ya shiga silima a Maraɗi ya ga wani fim. Wasu samari ne suka haɗu a titi, kowa da irin shigarsa, kafin a tashi sun zama orkes, wato ƙungiyar makaɗa da mawaƙa, gari ya ɗauka. Bai ji ko kalma ɗaya ta yarensu ba. Abin da idon tela ya riƙe shi ne rigunan.

Da ya dawo sai ya shawo kan abokansa, Mahaman, Sanda da Illo, ya auna su, ya ɗinka riguna huɗu na yadi mai walƙiya. Ba jita, ba ganga. Suka ce, "Bari a gama girbi tukuna." Ya manta ana ɗaure damin ƙarshe samari ke tafiya cirani. Damina suna gona, rani suna Najeriya. Haka aka yi ta yi har Illo ya zauna Legas, sauran biyun suka riga mu gidan gaskiya.

Bana tsuntsaye suka addabi garkarsa, lambunsa na bakin tabki. Ya buɗe akwati, ya kafa sanduna uku ya sa musu rigunan, tasa ya rataya a kafaɗa don ta yi masa kaɗan. Iska na kaɗa su suna sheƙi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, yau dai kowa ya zo."