Layin da Solfrid Ba Ta Soke Ba

Shekara talatin da ɗaya ina dafa wa Solfrid Eliassen abinci a wurin ɗaukar fim, don haka wanda ke son sanin halinta ya ajiye jarida ya zo wurina. 'Yan jarida sun santa da baƙin tabarau da lambobin yabo biyu. Ni kuwa na santa tun tana yawo da majina a bayan rumfar shanyar kifin ubanta, tana tara mu yara tana raba mana aiki. "Borghild, ke ce gawa, kwanta." Kullum ni ce gawa, wai don ban iya riƙe magana a ka ba.

Tana da shekara goma sha tara ta bar tsibirinmu ta tafi babban birni, Oslo. Ta fara da naɗe wayoyin lantarki a gidan talabijin, ta koma rubuta wasan rediyo, sai da ta kai talatin da huɗu aka yarda ta riƙe fim nata na kanta. Tara ta yi, ita ke rubutawa, ita ke ba da umarni, kuma bakwai daga ciki a nan gaɓar tamu ta arewa ta ɗauke su. Ba ta yi arziki ba. Motarta har gobe sai an tura ta in sanyi ya yi tsanani. Ta auri wani mai kyamara ɗan Denmark, suka rabu lafiya lau bayan shekara shida, kuma har yau shi ke riƙe mata kyamara, suna faɗa kamar ba a raba auren ba.

Tana da yadda take aiki, kuma ba ta taɓa sakewa ba. In ta gama rubutu, kafin wani mai kuɗi ko ɗan wasa ya gani, sai ta hau jirgin ruwa ta zo gida, ta tara mu a zauren taron gari ranar Asabar bayan abincin rana. Ni in dafa gahawa in soya waina, mata su zo da saƙarsu, maza su zauna ta baya kamar an tilasta su. Ta karanta mana tun daga farko har ƙarshe. Duk inda wani ya ce, "A'a, wannan bakin Oslo ne, nan ba a faɗin haka," ba gardama, sai ta ciro jan fensir daga gashinta ta soke. Doka ta biyu ta fi wannan tsauri: in labarin na wani ne mai rai, ba ta ɗauka sai mai shi ya ce ya yarda. Akwai rubutun da ya shekara goma sha ɗaya a cikin akwati don wani tsoho ya ƙi. Da ya mutu 'yarsa ma ta ƙi, yana nan a akwatin har yanzu.

To, na goma shi ne labarin wanta Jentoft, wanda ya fita kamun kifi shi kaɗai wata safiya a watan Fabrairu, shekara ashirin da takwas da suka wuce, bai dawo ba. Solfrid ta ce min duk finafinan da ta yi kewaye-kewaye ne, wannan take nufa tun farko. Ga shi ta ba sittin baya, gwiwa ta fara ƙi. Mai labarin kuwa ita ce Oddny, matar Jentoft, 'yar manoma daga can cikin ƙasa inda ba a ganin teku. Wata takwas da aurensu abin ya faru. Ba ta koma garinsu ba, ta zauna ta yi aiki a gidan waya har ta yi ritaya, mace mai fara'a da kowa, amma ba wanda ya taɓa jin ranar nan a bakinta. Abin da ta ce wa Solfrid kawai shi ne, "Zan zo in ji. In bai yi min ba, zan tashi."

Ranar karatun zaure ya cika. Komai na tafiya daidai, ana dariya inda ya kamata, tsinkayen saƙa na ta ƙas-ƙas, har aka zo safiyar da Jentoft zai fita. Solfrid ta karanta cewa matar ta biyo shi kan gadar katakon da ake ɗaure jiragen ruwa da kwanon abincinsa, ta ɗaga masa hannu ta ce, "Allah ya ba da sa'a, ka dawo lafiya."

Tsinkayen saƙa suka tsaya cak.

Tsohuwa Magnhild, wadda ta haura tamanin kuma ba ta da birki a baki, ita ta fara magana. "Haba Solfrid! Oslo ta cinye ki ƙurmus. Wace matar masunci ce za ta yi wa mijinta fatan sa'a a bakin ruwa? So take ta kashe shi? Cewa ake ka dawo hannu rabbana, a juya masa baya. Ke da aka haifa cikin warin kifi!"

Aka kwashe da dariya. Kunnuwan Solfrid suka yi ja, ta kai hannu gashinta neman fensir. Kafin ta soke, Oddny ta naɗe saƙarta, ta miƙe, ta ɗauki rigar sanyinta ta fita, ko gahawarta ba ta ƙarasa ba. Dariyar ta mutu nan take. Ni dai na ce a raina shi ke nan, akwati ya samu baƙo.

Washegari bayan an tashi daga coci Solfrid ta zo kicin ɗina, ta zauna tana feraye min dankali, rabin dankalin na tafiya da ɓawon. Na ƙwace wuƙar.

"Ba ni nan kafin ki bar mu da yunwa. Me ya kai ki rubuta wannan shirme?"

"Mantawa na yi, Borghild. Wallahi mantawa. Ranar ina Oslo, ban san me aka faɗa ba, sai na rubuta abin da na ga ya dace da mace mai son mijinta. Ni 'yar masunci, jikar masunci." Ta share ido da bayan hannu. "Na mai da ita sakarya a gaban gari. Gobe zan bi jirgin safe."

Ba ta rufe baki ba aka buɗe ƙofa. Oddny ce. Ta kaɗe takalmanta, ta ja kujera, na zuba mata gahawa ba ta nema ba.

"Ƙanwar miji, wa ya gaya miki?"

"Gaya min me, Yaya Oddny?"

"Kada ki raina min hankali. Daga ni sai shi a kan gadar nan."

Muka dubi juna ni da Solfrid. Oddny ta riƙe kofin da hannu biyu, ta ce, "Na faɗa. Kusan yadda kika rubuta. Wata takwas kacal a garinku, ba wanda ya koya min. A gidanmu in mutum zai tafi gona haka ake ce masa. Sai ranar addu'arsa a coci na ji mata a bayana suna cewa ai ko ba komai ba wanda ya yi masa mugun baki. Shekara ashirin da takwas ina sayar wa mutanen nan kan sarki ina murmushi, ina tsoron ranar da za su sani."

Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da mu. Na buga wuƙar a tebur. "Ke Oddny, kin cika wawiya! Iskar da ta yaye rufin makaranta ran nan, bakinki ne ya kira ta? Ni nan ba irin fatan da ban yi wa nawa mijin ba, mai kyau da mummuna, kuma a gadonsa ya mutu yana da saba'in da tara, yana minshari."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Kai ya sani, Borghild. Zuciya ce ba ta jin magana."

Solfrid ta ce a hankali, "Zan soke shi. Ko in ajiye fim ɗin gaba ɗaya, duk wanda kika ce."

"Ba za ki soke ba. Abin da ya tashe ni jiya ba layin ba ne, ganin kin ɗauko fensir ne. Sau ɗaya aka faɗi gaskiyar ranar nan a garin nan, kuma za a goge ta don Magnhild ta yi tsawa? Bar shi. Amma kin rage abu. Ba ki rubuta amsarsa ba."

"Me ya ce?"

"Dariya ya yi har sai da ya dafa igiya. Ya ce, ''Yar manoma, yau kin kore min kifin teku kaf. To je ki ɗora dankali, shi za mu ci.'"

Solfrid ba ta da takarda, a bayan ambulan ɗin wasiƙar asibitina ta rubuta. Sak Jentoft, haka yake magana.

A watan Mayu aka ɗauki wurin, a kan gadar nan dai. Rabin gari sun fito kallo, har Magnhild, wadda tun da labari ya kai mata take aika wa Oddny burodi kowace Juma'a ba tare da ta ce uffan ba. Ina gefe da tukunyar miyar kifi. Yarinyar da ke fitowa a Oddny 'yar birnin Bergen ce, ta iya aikinta, amma sau uku tana faɗin layin ƙasa-ƙasa, ido ya cicciko, kamar mai sallama da gawa. Solfrid na ta taunar fensir, ta san da abin da bai yi ba, ta kasa gane ko mene ne.

Sai Oddny ta tsallake wayoyin da aka ce kada kowa ya tsallake, ta je har gaban kyamara. Ɗan Denmark ya buɗe baki zai yi magana, Solfrid ta galla masa harara ya haɗiye. Oddny ta gyara wa yarinyar ɗankwali, ta kama kafaɗunta.

"'Yata, ke kin karanta ƙarshen labarin, ni ranar ban karanta ba. Amarya ce ni, rana ta fito, mijina na yi min dariya. Ɗaga murya. Da ƙarfi na faɗa masa, kuma da dukkan zuciyata."