Gyaran Kanal da Baƙin Ruwa

Shekarar da gefen kanal ɗin ban ruwa ya tsage a saman gonata ta Kura, irin albasata na kwance daidai ƙasan tsagar. In ya ɓalle, ni zai fara ci.

Lokacin 'yar ƙanena ta zo hutu daga ƙasar waje, inda take bincike a kan siminti. Ta zo da wani baƙin ruwa a 'yar jarka. Ta ce siraran bututai ne na sinadarin gawayi a ciki, ido ba ya ganinsu. In aka kwaɓa siminti da kaɗan daga ciki, sukan riƙe ƙananan tsagogi kafin su buɗe, gini ya ƙara ƙarfi.

"Amma Baba, kada a rage siminti. Kuma a bar shi ya kama sosai kafin a sako ruwa."

Ban yi mamaki ba. A Sudan na ga ana lulluɓe sabon kankare da jiƙaƙƙen buhu kwana da kwanaki, ba mai taka shi. A Abidjan ma haka.

Shugaban ƙungiyar manoma ya kawo magini, surukinsa, don ya gyara tsagar. Maginin ya girgiza jarkar, ya shinshina kamar mai sayen man shanu.

"Alhaji, ai tunda akwai magani, rabin simintin ma ya isa."

Na yi ciniki da Larabci, na yi rigima da Faransanci, amma ban taɓa shan wuya irin ta yi wa wannan mutum bayani da Hausa ba. Ya ce, "To, Alhaji." Ina tafiya sallar azahar ya ƙara yashi.

Washegari shugaba ya zo, wai tumatirin jama'a ya fara yaushi, za a buɗe ruwa. Na ce aikin ɗanye ne, yatsa ma shiga yake.

"Alhaji, kai ka ga duniya, mu tumatir muka gani. Ba an sa magani ba?"

Suka buɗe. Kafin la'asar gyaran ya narke kamar fura, ruwa da yashi suka binne irin albasata. A majalisa kuwa aka yanke hukunci cewa maganin 'yan boko cin siminti yake, maginin ma har da rantsuwa.

Da yarinyar ta kira ni bayan ta koma, ta tambayi yadda ginin ya yi. Na ce mata bana dai ban dasa albasa ba.